Makullin Kwamfutar Amarya

Talata

Auta,

Sallama da gaisuwa daga mahaifiyarka. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya kai da Amarya. Ni ƙafata ta yi sauƙi, yanzu ina hawa matakalar ajinmu ba tare da na tsaya hutawa a tsakiya ba, sai dai gwiwar hagu takan yi mini ƙorafi idan hadari ya haɗo. Yayarka da yaranta lafiya lau, suna gaishe ku.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. A waya kullum zancenka ɗaya ne, lafiya lau Inna, ana nemana, sai ka kashe. A takarda ba ka da ƙofar gudu. Kuma Malamarmu ta ce wanda ya koyi rubutu da furfura a ka, idan ya ajiye biro sati biyu haruffan sai su kama gabansu. Direban da ke zuwa wajenku duk Talata ya ce zai riƙa kai maka har ƙofar ofis, ya karɓo amsa idan zai dawo.

Abu biyu ne suka sa na zauna rubutu. Na farko, an ce kowace a ajinmu ta rubuta aikin da ɗanta yake yi. Na rubuta cewa ɗana yana gadin kwamfutoci. Matan suka kwashe da dariya, wata mai baki ta ce ashe duk karatun nan da aka sha maigadi aka samo, ta tambaye ni ko an ba ka kulki. Ka rubuto mini abin da kake yi dalla-dalla, da manyan haruffa, in je in rufe mata baki.

Na biyu shi ne ya fi damuna. Ranar Alhamis Amarya ta kira ni. Ta gaishe ni da ladabi yadda ta saba, ta ce tana so ta je wajen yayarta ta yi 'yan kwanaki. Na tambaye ta ɗinki, ta ce ɗinki yana nan. Shi ke nan. Yarinyar da in aka taɓo zancen zare da surfani sai kunnena ya yi zafi da waya, yau ita ce da kalma uku. Wata takwas da aure bai isa a ce kewar gida ta ci mutum haka ba. Ka faɗa mini gaskiya, lafiya kuke?

Ka riƙa cin abinci a zaune.

Innarka

*

Asabar

Inna,

Na amsa sallamarki, na kuma ji daɗin labarin ƙafa. Mu ma lafiya lau, sai 'yar mura da nake fama da ita saboda sanyin ɗakin aiki. Rubutunki ya yi kyau ƙwarai, har na nuna wa abokin aikina, ya ce ya fi nawa karantuwa.

Ki faɗa wa mai bakin nan cewa ba ta yi nisa da gaskiya ba, kulkin ne kawai babu. A ƙasan ofishinmu akwai ɗaki marar taga, cike da manyan kwamfutoci arba'in da biyu a jere cikin durowoyin ƙarfe. Ba su da allo, babu mai zama a gabansu, amma duk aikin mutanen sama a cikinsu yake. Ana sanyaya ɗakin dare da rana, ni nakan shiga da rigar sanyi ko da ana narkewa a waje. Na haɗa wata 'yar manhaja da take bin su ɗaya bayan ɗaya kowane minti tana tambayar lafiyarsu. Wadda ta amsa, a wuce ta. Wadda ta yi shiru, nan take wayata za ta yi ƙara, in bar ko me nake yi in ruga. Idan na yi aikina da kyau, babu wanda yake tuna ina nan.

Abin da na fi so a aikin shi ne babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kamar tsarin gida da ke nuna ina ƙofa take, ina ake ajiye kaya. Akwai wadda take zuwa da kwamfutar daga shago. Akwai kuma wadda mutanen duniya suka haɗu suka rubuta don kowa ya ɗauka, ita ce mai hoton tsuntsun nan da kika gani a jakata kika ce ya yi kama da alƙali. Ita nake so, ba ta da nauyi, ba ta da rigima.

Zancen Amarya kuwa ki kwantar da hankalinki, har kyauta na yi mata. Laftof ɗinta da take zana surfani a kai ta daɗe tana ba ni tausayi, kafin ta buɗe sai mutum ya sha shayi ya wanke kofi. Ranar da ta je sayen yadi na zauna na kwafe duk zanenta a wuri uku, na goge tsohuwar manhajar, na sa mata mai tsuntsu. Ko fayil ɗaya bai ɓata ba. Da farko manhajar zanen ta ƙi tashi, amma cikin kwana biyu na shawo kanta. Yanzu layi biyu kawai za ta buga a wani ɗan baƙin akwati da ke fitowa a allon, na rubuta mata su na manna a jikin murfin. Makullin, wato kalmar sirrin da ake canza manyan abubuwa da ita, na riƙe a wajena don kada ta taɓa wani abu bisa kuskure. In tana son wani abu, magana kawai za ta yi.

Da ta dawo ta gani ta ce ta gode. Ba ta yi ƙorafi ko ɗaya ba. Jiya ta tafi wajen yayarta, ni da kaina na ɗaure mata keken ɗinkinta a bayan mota. Laftof ɗin ta bar ta a kan tebur, kin ga ma ta huta da kaya.

Ɗanki,
Auta

*

Talata

Auta,

Na gaishe ka. Ka sha ruwan zafi saboda murar. Ni lafiyata ƙalau har zuwa lokacin da na karanta takardarka.

Sau uku na karanta ta, na ukun da ƙarfi, ina bin layi da yatsa, ko idona ne ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ka ɗaure mata keke da hannunka. Auta, macen da za ta yi 'yan kwanaki kaya kala uku take ɗauka da man shafawa. Wadda ta ɗauki keken ɗinki zama za ta yi. Kai kuma har da ja wa igiya ƙulli biyu don kada ya faɗi a hanya.

Ka ce injin da ya yi shiru sai ka bar komai ka ruga. To ga mutum a cikin ɗakinka ta yi shiru sati guda, ka rubuto mini cewa ba ta yi ƙorafi ba.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa ko yayarka ba. Babanku, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, kai ma ka sani. Shekara talatin da ɗaya shi yake karanta mini komai. Takardar asibiti, wasiƙar ƙanena, sakamakon jarrabawarku. Sau biyu na ce ina so in shiga ajin manya, sai ya yi dariya ya ce me zan wahalar da kaina a kai ga shi nan, in ina son wani abu magana kawai zan yi. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni ma na ce na gode. Amma akwai ranar da ƙanena ya rubuto mini wata magana tsakanina da shi, na riƙe takardar kwana huɗu a ƙarƙashin filo ina jin nauyin miƙa ta, ga ta tawa ce, ga sunana a kai, amma sai da bakin wani zan ji abin da ke ciki. Ban taɓa ƙin babanku ba. Amma ranar na ji kamar baƙuwa nake a gidana.

Ni ban san manhaja ba. Wataƙila mai tsuntsun ta fi kyau sau goma, na yarda da kai, kai ne ka yi karatun. Tambayata ɗaya ce, ka ba ni amsarta kafin komai. Kafin ka goge, ka tambaye ta?

Na kai bayaninka aji. Mai bakin nan ta ce to ai gadin ne dai, sai dai na cikin sanyi. Ban kula ta ba, hankalina ba ya wajen.

Innarka

*

Talata

Auta,

Gaisuwa. Ina lafiya in ban da rashin ci.

Talata biyu ke nan direba yana dawowa hannu rabbana. Ya ce ya ba ka takardar a hannunka, ka sa a aljihu, ka ce ka gode. Na fara tsoron kalmar nan a gidanku. Na kira ka sau huɗu, ka ce ana nemanka.

Na kira Amarya. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi gwiwata. A bayanta ina jin keke yana gudu, kuma wata mata ta yi sallama tana tambayar ko rigarta ta fito. Ta fara karɓar ɗinki a can. Ka gane abin da nake faɗa maka ko sai na sake rubutawa da manyan haruffa?

In Talata mai zuwa babu amsa, na riga na yi magana da direba, ya ce kujerar gaba tawa ce. Zan zo in zauna a ɗakin sanyin nan da gwiwata har ka yi magana.

Innarka

*

Lahadi

Inna,

Na amsa gaisuwa. Don Allah ki ci abinci, kuma ki bar wa direba kujerarsa. Murar ta tafi.

Ki yafe mini shirun. Na ji haushin takardarki, gaskiya ke nan. Amsa uku na rubuta, kowace tana bayanin yadda laftof ɗin take buɗewa cikin daƙiƙa tara yanzu, duk na yaga su, don na ga babu wadda ta amsa tambayarki. Amsar ita ce a'a. Ban tambaye ta ba.

Abin da ya ƙarasa ni a ofis ya faru. Mu a nan ba a taɓa kwamfutar kowa sai an cike fom. A rubuta abin da za a canza, da dalili, da wanda abin zai shafa, da yadda za a koma baya idan an samu matsala, sannan mai kwamfutar ya sa hannu. Ni ne ma na tsananta dokar. Akwai sakatariyar oga, kwamfutarta tana buƙatar gyara ƙwarai, sati uku ina kai mata fom tana cewa ba yau ba. Ranar Laraba ina tsaye a ƙofarta da takarda a hannu, ina murmushi, ina cewa babu komai Hajiya, duk ranar da kika shirya. Ina juyowa sai na ji kunya ta rufe ni tun daga wuya. Matar da ko sunan 'ya'yanta ban sani ba nake jira sati uku, tawa kuwa na jira ta fita sayen yadi.

Da yamma na kira Amarya na ba ta haƙuri. Ta saurara har na gama. Sai na ce mata kada ta damu, gobe-gobe zan goge mai tsuntsun in mayar mata da tsohuwar yadda take, kafin ta dawo an gama komai. Sai ta ce, "Ka ji ka ko? Har yanzu kai ne za ka yi." Ta ce a gaida mutanen ofis, ta kashe.

Inna, na rasa ta inda zan ɓullo. In na bari laifi, in na mayar laifi. Laftof ɗin tana nan a kan tebur, nakan zagaye ta kamar wuta. Gidan ya yi girma. Ko za ki kira ta ki sa baki? Tana jin maganarki.

Auta

*

Talata

Auta,

Alhamdu lillahi da ka warke. Na ci abinci har da ƙari.

Ba zan kira ta ba. In na sa baki za ta dawo don kunyata, ta zauna maka da na gode har ku tsufa. Ba na so.

Fom ɗin nan naku, akwai saura? Ka ɗauki ɗaya. Ka ɗauki laftof ɗin yadda take, kada ka buɗe ta ko don share ƙura. Ranar Asabar ka shiga mota ka je gidan yayarta da kanka, ka tsaya a ƙofa yadda kake tsaya wa Hajiyar ofis, da irin murmushin. In ta ce ba yau ba, ka ce babu komai, ka dawo wata Asabar.

Kada ka saya mata wata na'ura a matsayin ban haƙuri. Na san ka.

Innarka

*

Alhamis

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan gwiwa ta ƙara sauƙi. Surukarki ce. Na karɓi biro daga hannun ɗanki na ce wannan karon ni zan rubuta. Muna lafiya, kuma daga gida nake rubutowa.

Ranar Asabar ina kan keke yayata ta shigo tana danne dariya, ta ce ga wani ma'aikaci a ƙofa da takarda, ya ce yana neman mai kwamfuta. Na fita na same shi da laftof a hammata, ya sa rigar zuwa ofis har da biro a aljihu. Ya miƙo mini fom. Ya cike wajen wanda abin ya shafa, ya rubuta mutum biyu. Wajen dalili ya rubuta cewa ma'aikacin ya yi aiki ba izini. Amma babban akwatin farko, na abin da za a canza, ya bar shi fari. Na tambaye shi me ya sa. Ya ce, "Ba ni ne mai kwamfutar ba."

Inna, na so in yi dariya amma na riƙe. Na ce ba yau ba. Ya ce babu komai Hajiya. Ya juya da gaske zai tafi, har ya kai bakin titi, yayata ta ce in ban kira shi ba ita za ta kira shi, don tausayinsa ya hana ta tsayuwa.

Ki san ba zanen ne ya ɓata mini rai ba, ko ɗaya bai ɓata ba. Shekara huɗu na yi ina koya wa kaina aikin nan tun kafin in san shi, hannuna ya san inda komai yake ko idona a rufe. Na dawo daga kasuwa na tarar ina neman izini kafin in sa sabon salon rubutu a cikin abina. Ga shi yana ta murna kamar ya ba ni mota. Na rasa ta yadda zan yi faɗa da mai murna, shi ya sa na ɗauki kekena.

Na cike akwatin da sharaɗi uku. Ni zan yi aikin da hannuna. Shi zai zauna a gefe ya yi bayani da baki kawai. Makulli kuma nawa ne. Ya sa hannu, yayata ta sa a matsayin shaida.

Ranar Lahadi muka yi, tun safe har la'asar. Na sa shi ya zauna a kan hannayensa, don sau biyu ina ganin yatsunsa suna tahowa da kansu. Inda na yi kuskure sai ya rufe ido yana numfashi kamar mai ciwon haƙori, amma bai taɓa ba. Na mayar da tsohuwar manhajata saboda zane. Mai tsuntsun ma ban kore ta ba, na raba musu wuri, don gaskiya tana da sauri, kuma na fara jin daɗin baƙin akwatin nan. Yanzu duk safiya in na kunna, sai kwamfutar ta tsaya ta tambaye ni wacce nake so.

Da na zo sa kalmar sirri na ce ya fita tsakar gida. Da ya dawo ya ce a ƙa'idar aikinsu kowane makulli sai an ajiye kwafinsa a wani wuri mai nisa, wajen wanda aka amince da shi, ko da mantuwa za ta zo. Yana faɗa yana gyara wuyan riga. Na ce wannan ƙa'ida ta yi, na yarda da ita. Ga shi nan a cikin ƙaramar ambulan da na liƙe. Ki ajiye mini, Inna. Ko ya yi kuka kada ki ba shi.

Keken ya dawo, shi ya ɗauko shi a ka daga mota har ɗaki.

'Yarki

*

Talata

Auta,

Gaisuwa gare ku ku biyu, ta Amarya ta fi yawa. Lafiyata lau, jiya har kasuwa na taka.

Saƙo ya iso. Na sa shi a cikin gwangwanin da nake ajiye katin asibiti, na sa gwangwanin a inda na sani.

Ka kira ni sau uku a sati ɗaya, abin da ba ka taɓa yi ba, kuma babu wanda ya neme ka a tsakiyar magana. Na ji daɗi. Amma na lura duk kiran sai ya biyo ta kan ambulan. Wai ba kalmar kake so ba, so kake kawai ka san ko ta kai harafi goma sha biyu, ko ta sa lamba a ciki, don tsaro. Auta, ni na haife ka.

Ban sani ba. Ban buɗe ba, don ba tawa ba ce, kuma ba a ce in buɗe ba. Ba zan ɓoye maka ba, na ɗaga ta a rana sau biyu, amma yarinyar nan ta san gidan da ta shigo, takarda mai kauri ta sa.

In tsaron ya hana ka sukuni, tana nan kusa da kai, ka tambaye ta.

Innarka